Jikar da Na Mayar a Rame

A ƙauyenmu, can arewa da Barmu a ƙasar Adar, ba a tambayar kaka ko ta iya riƙon yaro. Kumatun jikanta ake dubawa. Idan lokacin yaye ya yi, sai a ɗauko yaro daga ƙirjin uwarsa a kawo wa tsohuwa, ta yi ta fama da kukansa har ya haƙura da nono, ta yi ta ɗura masa kunu da fura da ɗan man shanu. Ranar da za a mayar da shi kuwa mata su taru, su riƙa ɗaga shi ɗaya bayan ɗaya suna jin nauyinsa. In ya yi ɓul-ɓul, an yaba wa kaka ke nan har bakin rijiya. In ya koma a rame, to ta shiga bakin mata, kuma ba ta fita sai wata ta yi abin da ya fi nata. Tun ina yarinya nake ganin ana yi wa tsofaffi wannan awo, na yi dariya tare da masu dariya. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni ce zan mayar da jika a rame ba, da gangan, da idona biyu.

Ni ma a hannun kakata na tashi, don da aka kai ni yaye ba ta yarda ta mayar da ni ba. Doguwar tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta san lallashi ba sai ranar da kake zazzaɓi. A gidanta turmi ne ke tashe mu. Kafin rana ta fito sai ka ji taɓarya ta faɗa a gidan maƙwabta, wata ta amsa daga can ƙarshen gari, kafin ka ankara duk ƙauyen ya ɗauki lugude, ƴanmata na cilla taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Ga kukan jakuna masu zuwa rijiya, ga ƙarar igiyar guga tana goga itacen da ta riga ta yi wa rami, ga muryar matan Buzaye da suka sauko daga arewa da nono da cuku suna neman musaya da hatsi. Mu yara kuwa kowa da aikinsa. Mai surfe na yi, mai bakace na yi, mai kora awaki zuwa fako ya kama hanya. Kafin a dama fura jikinka ya riga ya yi aikin da zai karɓe ta. Yau in na tashi da safe, injin niƙa nake ji daga bakin kasuwa, yana ta gurnani shi kaɗai, babu mai amsa masa.

Ci kuwa yana da lokacinsa, yana da wurinsa. Fura da rana, a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya yana zagayawa, kuma ba ka riƙe shi kana wasa alhali na kusa da kai na jira. Tuwo da magariba, a akushi ɗaya, mu zauna a ƙasa mu kewaye shi, kaka na gefe da wata ƴar tsumagiya wadda ban taɓa ganin ta daki kowa da ita ba. “Ci gabanki,” in ji ta. “Zamna ƙasa, ba a ci tsaye gidan ga.” Tsakanin fura da tuwo babu komai sai abin da daji ya ba ka, shi ma sai ka taka ka je: magarya, aduwa, fara in lokacinta ne. Da damina mu ciko ƙwarya da tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, mu ci har mu lashe yatsu. Sukari kuwa baƙo ne, sai wani ya dawo daga cin rani ya ba mu ƙwaya ɗaya mu tsotsa mu uku. Na sha zuwa wa kaka da la’asar ina narkewa, in ce, “Kaka, yunwa nika ji.” Ko ɗaga kai ba ta yi, sai ta ce, “To madalla, ashe lahiyarki lau. Tahi ki ɗebo man ruwa, kahin ki komo tuwo ya nuna.” In tafi ina ƙunƙuni, in dawo in tarar da gaskiyarta. Wannan yunwar mun san ta, mun san inda take ƙarewa, kuma ita ce ke sa tuwon miyar kuka ya yi daɗin da har yau ban sake jin irinsa ba. Ba mu da ƙiba irin ta yanzu, ba mu kuma rame ba. Jikinmu a ɗaure yake, muna iya bin akuya daga fako har gida ba mu tsaya ba.

Daga baya na san wata yunwar, wadda ba ta da magariba. Na yi aure, ina da yara biyu: ɗan farina, wanda har yau bakina bai saba da sunansa ba, da ƙanwarsa Rabi, ƴar mitsitsiya mai surutu da gudu. Ruwa ya ɗauke damina biyu a jere. Mai gidana ya tafi nema bakin teku kamar sauran mazan Adar, labarinsa ya yi shiru. Aka share rumbu har ƙasa, aka ci dusa, aka ci irin shuka. Awaki suka riƙa kwantawa ba su tashi. Muka koma kan anza, wata itaciyar daji mai ɗaci, mu tsinko ƴaƴanta mu jiƙa, mu yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Ganyen da muke ci da daɗi muna yara shi ya zama abincin dole, babu ƙuli, babu gishiri, har yaro ya ga koren abu a ƙwarya ya kau da kai yana hawaye. Turmi ya yi shiru a duk garin, ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Da muka ji ana rabon hatsi a Tawa sai muka kama hanya a ƙasa tare da wasu mata, Rabi a bayana, yayanta riƙe da gefen zanena. Rabi ba ta kai Tawa ba. Shi ya kai, ya ci, ya rayu, amma bai ƙara zama yaro mai surutu ba.

Allah ya raya shi, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya samu aikin buro, na ofis, a Tawa, ya auri yarinya mai hankali wadda ita ma ta yi karatu. Ɗa ne na gari, ban taɓa neman abu a wurinsa na rasa ba. Sai dai akwai abu biyu da kowa ya sani a gidansa: ba a dafa ganye, kuma yaro ba ya roƙon abinci sau biyu. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, da Allah ya kawo Nana kuwa sai duk abin da ya tara a zuciyarsa ya sauka a kanta. Ba a kawo mini ita yaye ba, an ce yanzu ba a yi. Da biskit da madarar gwangwani aka yaye ta. Kullum in ya taso daga aiki da leda a hannunsa, lemun kwalba, alewa, soyayyen abu mai maiƙo. Firigo mai sanyaya abinci na nan a falo, ba a hana ta buɗewa. Ba ta da lokacin ci, don ba ta da lokacin da ba ta ci, tana kwance gaban akwatin tele tana kallo, hannunta na kai da komo tsakanin leda da baki, ita kanta ba ta san tana yi ba. Da fari duk dangi murna ake. In an kawo ta gida da salla mata su yi ta ɗaga ta suna cewa tubarkalla, ɗiyar ma’aikaci ta, an ga hutu. Uban ya tsaya gefe yana murmushi, wannan murmushin nasa da ba kasafai ake gani ba.

Bara na je Tawa jinyar idona, na sauka a gidansu, a nan na ga abin da ya hana ni sukuni. Yarinyar da ba ta kai shekara goma ba, in ta taka daga ƙofar gida zuwa ɗaki sai ta nemi wurin zama. Lakwal ɗinsu ga ta nan kusa, amma a mota ake kai ta, don in ta tafi a ƙasa cinyoyinta na gogar juna har su yi ciwo. Bayan wuyanta ya yi baƙi, uwar ta yi ta dirza da soso tana zaton dauɗa ce, bai fita ba. Yaran unguwa na wasa a waje, ita tana leƙensu ta taga, ta ce ba ta son wasan, alhali na ga idonta. Uwar ta matsa, ita da uban suka kai ta asibiti. Likita ya gwada jininta, ya ce ciwon sukari bai shigo ba tukuna amma yana bakin ƙofa, in ya shigo kuwa ba ya fita. Ya ce ba a hana yaro abinci, ba a kuma yi masa gori. A janye zaƙi da maiƙo, a sa lokacin ci, a dawo da wake da ganye da ruwa, a bar ta ta yi wasa, kuma duk gidan su ci abu ɗaya don kada ta ga kamar horo ake yi mata. Uban ya ce to. A hanyar komawa gida ya tsaya a butiki ya saya mata lemu, wai allura ta sa ta kuka.

Ranar da zan koma ƙauye surukata ta same ni a ɗaki, ta durƙusa, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta.

Ta ce, “Inna, ni na kasa. In na hana, shi ba ta a ɓoye. In na yi magana, shi tashi shi bar man ɗaki. Ba mugunta ba ta, na sani, amma ɗiyar ga za mu rasa.”

Na ce, “Mi kika so in yi?”

“An tura shi aiki arewa, sai ƙarshen damana shi komo. Ki amshe ta hutun ga. Ke ɗai ta ba shi iya ce ma a’a.”

Haka Nana ta zo hannuna, da tsufana, yayen da ba a kawo mini ba tana jaririya.

Kwanakin farko ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ta ƙi fura don babu sukari. Ta kalli kwaɗon tafasa ta ce wannan ai abincin awaki ne, na ce to awakin garin nan sun fi ki wayo, ga su can suna tsalle. Ta yi kuka, ta yi birgima, ta ce a kira mata Babanta. Duk wannan bai dame ni ba, na ga kukan yaye iri-iri. Abin da ya kusa karya ni shi ne wata la’asar da ta zo ta tsaya a gabana, ba kuka ba ihu, ta ce a hankali, “Kaka, yunwa nika ji.” Tun daga waccan shekarar yunwa ban ƙara jin yaro ya faɗi wannan magana ban tuna Rabi ba. Na zaga bayan rumbu na yi kukana, na share fuska, na ce wa kaina rumbun nan da kike jingine da shi cike yake, yarinyar nan ta sha fura da rana, tuwo na kan wuta. Na dawo na miƙa mata ƙwarya na ce ta bi ƴanmatan maƙwabta su tsinko mini ganye. Ta tafi tana jan ƙafa. Da ta dawo ta ci tuwo da miya har ta side hannu, ta ɗago ta ce, “Kaka, mi kika sa ma miyar ga yau?” Ban sa komai ba.

Ban taɓa barinta ta kwana da yunwa ba. Fura da nono, tuwo, wake, kwaɗo, ƙwai in kaza ta yi, ta ci ta ƙoshi, a zaune, tare da ni a kwano ɗaya. Ban taɓa ce mata ta yi ƙiba ba, yaron da ya tsokane ta kuwa na bi shi har gidan uwarsa. Sannu a hankali ta fara bin yara gona kai fura, ta tafi tana hutawa a hanya, daga baya ta daina hutawa. Ta koyi ɗaukar ƙaramin tulu, ta fasa mini ɗaya, ban yi mata faɗa ba. Ta shiga gaɗa da yamma, tana faɗawa hannun su Hadi ƙawayenta suna cafe ta suna dariya. Wata rana hadari ya taso suna fako, na tsaya a ƙofar gida ina hange, sai ga yara sun ɓarke da gudu, ga Nana a tsakiyarsu, ba ita ce ta ƙarshe ba. Ta faɗo jikina tana haki tana dariya, ta ce, “Kaka, kin gane ni? Na tsere ma Hadi!” Rabon da in ji daɗi irin na wannan rana na manta.

Mata kuwa ba su bar ni ba. Wata ƙawata da muka yi ƴanmatanci tare ta tare ni a bakin rijiya, ta riƙe haɓa ta ce, “Ke wace irin kaka ta? An kawo maki ɗiya awa tulu, za ki maishe ta awa ludayi? Mi za ki ce ma ubanta?” Aka yi dariya, na yi tare da su, na ce likitan Tawa ne ya ce. Suka ce likita bai san kunya ba, ke kin sani. Ba ramar ciwo Nana ta yi ba, har yanzu ta fi sa’o’inta jiki. Amma wuyanta ya fito, rigunanta sun yi mata yawa, kuma na san idon da zai zo ya kalle ta ba idon likita ba ne.

Uban ya zo da hantsi, hatsi ya fara fitar da kai. Nana na jin ƙarar mota ta yar da abin da ke hannunta ta kwasa da gudu. Ina ganin lokacin da ya fito ya buɗe hannu, ya ɗaga ta sama, abin da ya daɗe bai iya yi ba. Sai na ga dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya sauke ta, ya shafa kafaɗarta, yatsunsa suka tsaya a kan ƙashin wuyanta. Ya ce ta je ta haɗa kayanta. Ya shigo ya gaishe ni a durƙushe kamar kullum, amma bai kalle ni ba, bai taɓa ruwan da na ajiye masa ba.

Can ya ce, “Inna, mi na yi maki?”

Na ce, “Mi kag gani?”

“Ƙashinta na gani. Hatsi ya ƙare gidan ga? In ya ƙare, mi ya hana ki aiko a hwaɗa man?”

“Rumbu na nan cike, tahi ka duba. Tambaye ta in ta taɓa kwana ba ta ƙoshi ba. Kai ba ka ga gudun da tat tarbe ka da shi ba?”

Ya ce, “Na gani. Rabi ma gudu takai, kahin ta bari.” Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, “Ke kin mance da ita, Inna. Ni ban mance ba.”

Tun da muka baro waccan hanya, shi bai taɓa kiran sunanta a gabana ba, ni ma ban taɓa kira a gabansa ba. Na ji maganar ta shige ni har ƙashi. Na ce, “Ga bayana tac cika. Tun rana na tsaka na san ta tahi, ina jin sanyinta na shiga jikina, ban kwance goyon ba, ban tsaya ba, don kada ka gane ka zamna ƙasa ka ƙi tashi. Kana riƙe da zanena kana ce mata mun kusa, ni ina amsa maka. Ni ka mancewa?”

Bai taɓa sanin wannan ba. Ya dafe kansa da hannu biyu, babban mutum mai furfura a gemu, ya fashe da kuka. Na bar shi ya yi. Da ya lafa na ce, “Waccan ba ni da abin ba ta. Wagga ko muna da yadda za mu yi, in ka yarda. Yunwar da taka ji yanzu, magariba na yi ta ƙare. Ka daure ka zamna da ita har tuwo shi nuna. Shi ke nan abin da nika roƙo gare ka.” Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Na ji, Inna.” Kuma na san har zuciyarsa ya faɗa.

Na raka su bakin mota. Nana ta rungume ni, ta ce in gaida Hadi, in ajiye mata tulunta, ta shiga ta zauna a baya. A gefenta akwai kwalin lemu da ya sayo mata tun daga hanya, tsarabar uba. Ta gan shi. Ta kalli kwalin, ta kalli ubanta, ta ce, “Baba, in sha?” Ya zaro kwalba ɗaya ya riƙe. Ya daɗe tsaye da ita a hannu, ya kalle ni, ni kuwa na riga na faɗi duk abin da nake da shi. Ya kalli ɗiyarsa, idonsa ya sake sauka a kan wuyanta. Yarinyar ta ce, “Ƙishirwa nika ji, Baba.”

Da hannunsa ya buɗe mata.

Motar ta juya ta kama hanyar Tawa. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Na dai tsaya a ƙofar gida ina kallo har ta sha kwana, karo na biyu ke nan a rayuwata ɗiya na tafiya ina ji ina gani, kuma babu abin da ke hannuna da zan tsai da ita.